Yadda Ake Rubuta Littafin Karatu Mai Hawa-Hawa a Kan Namun Daji da Al'adun Duniya

A bayan bangon ƙananan littattafan nan da ake sayar wa masu koyon Turanci akwai wata lamba da yawancin masu saye ba sa kula da ita. Wani an rubuta masa 400, wani 1,000, wani 2,500. Wannan lamba ita ce adadin kalmomin da aka yarje wa marubucin ya yi aiki da su. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da kalmomi 250 a matakin share fage, ya hau 400, 700, 1,000, 1,400, 1,800, ya tsaya a 2,500, kuma yana da reshe mai suna Factfiles wanda babu ƙagaggen labari a cikinsa, sai bayani a kan dazuzzuka, hamada, teku, birane da tarihin mutane. Shi kuwa Footprint Reading Library, wanda aka gina a kan finafinan National Geographic ƙarƙashin kulawar Rob Waring, littattafai 100 ne a matakai takwas, daga kalmomi 800 zuwa 3,000. A matakinsa na farko akwai littafi a kan giwaye, akwai kuma na walimar da mutanen Lopburi a ƙasar Tailan suke shirya wa birai kowane watan Nuwamba.

Wanda ya ɗaga irin wannan littafi ya ji babu nauyi, shafi ashirin ko talatin, rabinsu hotuna, zai iya cewa aikin yini ɗaya ne. Marubutan da suka gwada sun san ba haka ba ne. A ce wa mutum ya bayyana dalilin da ya sa tsuntsu yake barin ƙasa ya tafi wata, ko yadda ake gina gida a kan ruwa, amma kada ya wuce kalmomi 400, kuma kada ya faɗi abin da ba haka yake ba: nan ne gumi yake karyowa. A ƙagaggen labari marubuci yana da mafita, in kalma ta gagara sai ya canja abin da ya faru. A littafin bayani babu wannan dama. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ko kalmomin sun isa ko ba su isa ba. Saboda haka sana'ar duka ta taru a wuri guda: a sassauta harshe har ɗan koyo ya iya bi, a bar gaskiyar batun yadda take.

Wanda ya fara kafa wa aikin ƙa'ida shi ne Michael West, wani malami ɗan Ingila da ya yi aikin horar da malamai a Dhaka, yankin Bengal, cikin shekarun 1920. Ya duba littattafan da ake ba yara su karanta, ya tarar baƙin kalmomi sun yi musu yawa, yaro yana tuntuɓe tun bai kai ƙarshen jimla ba. Sai ya yi abu biyu. Ya cire kalmomin da ba a cika amfani da su ba ya sa na yau da kullum, sannan ya tsawaita rubutun domin sababbin kalmomi su zo a warwatse, kowace ta samu maimaici kafin wata ta shigo. Daga nan littattafansa na New Method Readers suka fito, kuma a 1953 ya buga jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 mafi amfani, wanda masu buga littattafai suka yi shekaru da yawa suna auna rubutu da shi.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Wanda ya yi firamare a Arewa a da zai tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda sunayensu kaɗai sun nuna hawa-hawa ne. Ga kuma Ikon Allah, wanda Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta a Zariya a kan halittu iri-iri na duniya. Abin da ya ƙaru a zamanin nan shi ne awo, wato ƙirga kalmomi da jimloli maimakon dogara da kunne kawai.

Kafin a ɗora alƙalami sai an san wa ake rubuta wa, domin akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa: shekarun mai karatu da matakinsa a harshe. Direban tirela ɗan shekara arba'in da ya fara koyon Faransanci saboda zirga-zirga tsakanin Kwatano da Maraɗi, kalmominsa ba su fi na ɗan aji biyu ba, amma ba yaro ba ne, kuma ba zai jure a riƙa yi masa "ga zomo, zomo yana tsalle" ba. Nan ne littafin bayani yake da fifiko, saboda mai karatu yana zuwa da nasa sanin. Ɗan makiyayi da yake koyon Turanci ya fi marubucin sanin saniya. In aka ba shi littafi a kan makiyayan Masai na Kenya da Tanzaniya, rabin ma'anar tana kansa tun bai buɗe ba, abin da ya rage masa shi ne ya ga yadda ake faɗarta da sabon harshe. Manyan kamfanonin buga littattafai suna jingina matakansu da ma'aunin harsuna na Turai na 2001, mai hawa shida daga A1 zuwa C2, domin malami ya san inda zai ajiye kowane littafi. Ƙaramin marubuci ba lallai ya kai nan ba. Ya isa ya iya cewa, ga ajin da nake nufi, ga littafin da suka gama a zangon da ya wuce.

Sai zaɓen batu, kuma a nan ne littattafai da yawa suke mutuwa tun ba a haife su ba. "Tsuntsayen Afirka" take ne na babban kundi. In aka matsa shi cikin shafi 16, abin da zai fito shi ne jerin sunaye, kowane shafi da sabon tsuntsu da sababbin kalmomi biyar da ba za a sake ganinsu ba. Gwani yakan kama tambaya ɗaya ne. Ina shamuwa take zuwa in damina ta wuce? Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar tana da tafiya a cikinta. Shamuwa tana isowa dab da saukar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari ba ta tsoron mutane, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da sauran ƙwari. Da ruwa ya ɗauke sai ta yi kudu, ta haye tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne damina take kamawa. Watanni su zagayo, ta dawo. Ga farko, ga tsakiya, ga ƙarshe, an jera su bisa lokaci, wanda shi ne tsari mafi sauƙin bi ga ɗan koyo. Kuma kalmomin da littafin yake buƙata, ruwa, sheƙa, ƙwai, fara, kudu, arewa, su ne za su yi ta dawowa da kansu ba tare da an tilasta musu ba.

Bincike yana zuwa ne kafin sauƙaƙawa. Marubuci ya tara bayanansa da cikakken harshe, ya rubuta inda ya samo kowane adadi, ya tabbatar da shi daga majiya ta biyu. Ya tara fiye da abin da zai yi amfani da shi, domin wanda ya san abu goma ne yake iya zaɓar uku da suka fi muhimmanci. Cikin ukun nan ya kamata a samu ɗaya mai sa mutum ya ɗaga kai daga littafi ya gaya wa na kusa da shi. Wuyan raƙumin dawa, duk tsawonsa, ƙasusuwa bakwai ne a ciki, daidai da na ɗan Adam. Jaririnsa kuwa ana haifarsa uwar tana tsaye, ya faɗo ƙasa, kuma tsawonsa a ranar ya kai na babban mutum.

Yanzu a zo ga kalmomi. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka buga a 2000 ya nuna cewa mai koyo yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi da fahimta ba tare da taimako ba. Ma'ana, baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. A shafi mai kalmomi 200, huɗu ke nan. In aka sauko zuwa kashi 95, sun zama goma a shafin, kuma karatu ya fara komawa aikin buɗe ƙamus. Don haka marubuci yana zama ne kamar uwargidan da aka ba kuɗin cefane ƙididdigagge: in ta sayi nama da yawa, mai da kayan miya za su gagara. Littafin namun daji ba zai yiwu ba sai da wasu kalmomi da suka fi ƙarfin matakin, irin su ƙaura, farauta, sheƙa, gandun daji. Ana yarda da su, amma kaɗan, kamar goma ko sha biyar a ƙaramin littafi, kuma kowace sai an yi mata hidima. A karon farko ta zo a jimlar da sauran kalmominta duk sanannu ne, hoto yana kusa da ita, sannan ta sake fitowa a shafi na gaba da na bayansa. Masu bincike sun sha nuna cewa kalma ba ta zama a kai da gani ɗaya ko biyu, sai an ci karo da ita wajen sau goma ko fiye. Kalmar da za ta fito sau ɗaya tak a littafi, gara a cire ta a faɗi abin ta wata hanya.

Wannan yana karo da abin da aka koya wa kowa a darasin insha'i, cewa maimaita kalma aibi ne. A nan maimaici shi ne aikin. In an ce "farauta" a shafi na uku, kada a koma "halbi" a na huɗu don ado.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce bayanin da marubuci ya tara a kan raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ya zo haka: "Sakamakon farauta ba bisa ƙa'ida ba, da ƙarancin ruwan sama, da sare dazuzzuka domin faɗaɗa gonaki, adadin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma ya ragu matuƙa har ya kai 49 kacal a 1996, kafin matakan kariya da gwamnatin Nijar da ƙungiyoyi da mazauna yankin suka ɗauka su sa ya haura 600." Jimla ɗaya ce, mai dalilai uku da adadi uku da lokuta biyu. Ɗan koyo zai nutse a tsakiyarta. Malalacin marubuci zai mayar da ita: "Raƙuman dawa sun kusa ƙarewa saboda mugayen mutane. Yanzu sun dawo, kowa yana murna." Ta yi sauƙi, amma ta zama ƙarya har sau biyu. Manomin da ya sare daji don ya ciyar da iyalinsa ba mugu ba ne, kuma ba kowa ne yake murna ba, tun da raƙuman suna shiga gonaki su cinye wake da mangwaro. Wanda ya san aikinsa zai rubuta: "Da can akwai raƙuman dawa da yawa a Afirka ta Yamma. Mutane sun kashe wasu. Ruwan sama ya yi kaɗan. Mutane sun sare itatuwa sun yi gonaki, saboda haka raƙuman ba su samu abinci ba. A 1996, guda 49 ne suka rage, dukansu a Nijar. Sai mutanen Nijar suka fara kare su. Yau sun fi 600. Amma wani lokaci suna cin waken manoma, kuma manoma ba sa jin daɗin haka."

Abin lura, sauƙaƙaƙƙen ya fi na asali tsawo. Haka abin yake a mafi yawan lokaci. Kuma "saboda haka" da "sai" da "amma" suna nan ba a taɓa su ba. Sabon shiga yakan datse jimloli har ya zubar da waɗannan ƙananan kalmomi, yana ganin gajarta ita ce sauƙi, sai a wayi gari da jimloli a jere babu abin da ya haɗa su, mai karatu ya rasa wanne ne dalili wanne ne sakamako. A mataki na sama sai a ƙara nama: cewa a 2018 an ɗauki raƙuma takwas a mota aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, domin kada dukan garken ya kasance wuri ɗaya in annoba ta faɗo.

Nahawu ma hawa-hawa ake shigar da shi. A Turanci, jimlar da ake ɓoye mai aikata abu tana da wuya ga ɗan koyo, shi ya sa jerin Bookworms yake jinkirta ta sai an yi nisa a matakai, alhali rubutun kimiyya ya fi son ta. Marubuci dole ya nemo mai aikin ya sa shi a gaba: wa ya sare itacen, wa ya ƙirga dabbobin. A Hausa wannan ba matsala ba ce, "an sare" da "ana ƙirgawa" suna cikin abin da ake fara koya. Wahalar Hausa tana wani wuri. Jam'i ba shi da hanya ɗaya: tsuntsu tsuntsaye, kogi koguna, itace itatuwa, ƙasa ƙasashe. Aikatau kuma yana sauya ƙarshe yana sauya ma'ana, saya, sayo, saye, sayar. Yaron Bahaushe da yake koyon karatu ya san duk waɗannan da kunne, amma ɗan bautar ƙasa da aka turo Jigawa daga Inugu, kowane ɗaya sabuwar kalma ce a wurinsa, kuma haka za a lissafa masa ita. Sannan rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A littafi a kan damina, "fari" na rashin ruwa da "fari" jam'in fara da "fari" na launi suna iya haɗuwa a shafi ɗaya. A raba su, ko a sauya biyu daga ciki.

Adadi kuwa, a ba shi abin jingina. An ce gandun Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, amma wannan ba ya zana komai a kan ɗan aji huɗu. Tsawon namijin raƙumin dawa ya haura mita biyar: a zana shi kusa da mutum, ko a ce mutum uku ne in sun hau kan juna. Adadi biyu ko uku a shafi sun isa.

Ƙirgar ba sai da hannu ba. Mai rubutu da Turanci zai iya zuba rubutunsa a AntWordProfiler, manhajar kyauta ta Laurence Anthony na Jami'ar Waseda a Japan, ta nuna masa kalmomin da suka fita daga jerin matakin. Mai rubutu da Hausa yana da Bloom, manhajar ƙungiyar SIL, wadda ake gaya mata iyakar kalmomi a jimla da a shafi da a littafi, ta riƙa haska duk jimlar da ta zarce. Jerin kalmomin kuwa zai iya haɗa nasa daga littattafan da yaran suka riga suka bi, kamar Mu Karanta da aka yi amfani da shi a Bauchi da Sakkwato, ko na shirin RANA a Katsina da Zamfara. Sai dai manhaja ƙirga kawai ta iya. Ba ta san ko jimla tana da daɗi a baki ba, don haka a karanta kowane shafi da ƙarfi.

Sunayen dabbobi suna da nasu tarko. Wanda ya girma a birni yakan ɗauka duk ƙaramin naman daji mai ƙaho barewa ce, alhali maharbi zai raba masa barewa da gada da mariri da gwanki. A duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma a kai hoton wurin maharba da masunta da makiyaya su ma su faɗi nasu. Dabbar da Hausa ba ta da sunanta, irin su kangaru da fengwin, a ari sunan a rubuta shi yadda bakin Bahaushe zai iya, a bar hoto da jimla ɗaya su yi bayani. Ƙirƙiro doguwar fassara mai kalmomi biyar, a kuma riƙa maimaita ta kowane shafi, nauyi ne aka ɗora wa yaro a banza.

Ɓangaren al'adu ya fi na dabbobi haɗari, domin giwa ba za ta karanta abin da aka rubuta a kanta ba, mutane kuwa za su karanta. Ƙarancin kalmomi yana tura marubuci ga jimloli masu share kowa da kowa: mutanen Mongoliya suna zaune a tanti, mutanen Inuwit suna zaune a ɗakin ƙanƙara. Gaskiyar ita ce kusan rabin mutanen Mongoliya suna babban birninsu Ulan Bato, kuma makiyayin da yake cikin tantin ma sau da yawa yana da babur da farantin sola a gefe. Inuwit na Kanada da Girinlan a gidaje suke, ɗakin ƙanƙarar mafaka ce ta lokacin sanyi da tafiyar farauta. Maganin abin yana cikin kalmomi mafi arha a harshe: "wasu", "da yawa", "a da", "yanzu". Babu matakin da ya rasa su.

Hanya mafi kyau ita ce a fara daga buƙata, a bar mamaki ya zo da kansa. Ƙofar tantin Mongoliya kudu take kallo, saboda rana ta shigo, iskar arewa mai sanyi kuma ta bugi baya. Mutanen Uros na tafkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, mita 3,800 sama da teku, suna zaune a tsibiran da suka saƙa da wata ciyawar ruwa. Ta ƙasa tana ruɓewa, saboda haka kullum cikin shimfiɗa sabuwa suke a sama, kuma a yau da yawansu da baƙi 'yan yawon buɗe ido suke samun abin kashewa. Mai karatu da ya ga dalili zai ce, ashe ni ma da can nake haka zan yi. Wanda aka nuna wa abin al'ajabi tsirara, dariya kawai zai yi. In an zo ga imani, a jingina shi ga masu shi: mutanen Lopburi suna ganin birai suna kawo sa'a. Littafin bai ce haka ne ba, bai kuma yi musu ba'a ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da marubuci zai yi wa kansa. Ya ɗauka wani baƙo ne ya rubuta shafi 16 a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. In baƙon ya nuna dubban mutane suna afkawa kogin Matan Fada da gora da koma, amma bai ambaci Sarkin Ruwa ba, bai ce an hana kamun kifi a wurin sauran watannin shekara don kifi ya girma ba, bai kuma nuna cewa Kabawa manoman shinkafa ne masu makarantu da kasuwa ba, mutumin Argungu zai gane kansa a ciki? Abin da zai ɓata wa Bakabe rai a littafin baƙo, shi ne zai ɓata wa ɗan Peru rai a littafin Bahaushe.

Hoto a wannan sana'a rabin darasi ne, kuma kuskurensa ya fi na rubutu daɗewa a kai. Giwar Asiya ƙananan kunnuwa gare ta, kada ta shigo littafin Yankari. Damisar Afirka ɗigo-ɗigo ce, mai zane-zanen nan a Asiya take. Fengwin a kudancin duniya yake, farin beyar ƙanƙara a arewaci, ba sa haɗuwa sai a zanen wanda bai bincika ba. Hotunan da kwamfuta take ƙirƙira kuwa, a ƙirga ƙafafu da ƙahoni kafin a yarda da su. Kowane hoto ya nuna abin da shafinsa yake magana a kai, rubutun ƙarƙashinsa ya bi dokar matakin, kuma a sa taswira ƙarama a farko. Wikimedia Commons yana da hotuna masu lasisin kyauta, da sharaɗin a rubuta sunan mai hoton yadda lasisin ya ce.

Daga nan sai gwaji a kan masu karatu na gaske. A samu ɗalibai biyar ko shida na matakin, ba zaƙaƙuran aji kaɗai ba, a ba kowa kwafi da fensir, babu ƙamus, a ce ya ja layi ƙarƙashin duk abin da ya tsayar da shi. Marubuci ya zauna gefe ya yi shiru, ko da bakinsa yana ƙaiƙayin yin bayani. Ya lura da inda yatsa ya tsaya, da inda aka koma baya, da shafin da aka fara hamma. In sun gama, kowa ya ba da labarin abin da ya karanta da harshensa na gida. Wurin da mutum biyu suka yi tuntuɓe, laifin rubutun ne, a gyara. Bayan gyara kuma a mayar da shi ga masanin batun, ma'aikacin gandun daji ko likitan dabbobi ko malamin labarin ƙasa, domin yawancin kurakurai a lokacin sauƙaƙawa suke shiga, ba a lokacin bincike ba.

Tambayoyin ƙarshen littafi a taƙaita su. Richard Day da Julian Bamford, a littafinsu na 1998 a kan yawaita karatu, sun tsaya a kan cewa ɗalibi ya zaɓi abin da yake so, ya karanta da yawa, cikin sauri, ba don jarrabawa ba. Tun a 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zuba littattafai kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun karkara a Fiji, bayan wata takwas yaran suka ci gaba a fahimtar karatu ninki biyu na yadda aka saba. Littattafan nasu na labarai ne, amma darasin ya shafi na bayani: yawa ake nema, da jin daɗi. Tambaya uku ko huɗu da ƙaramin jerin kalmomi masu hoto sun wadatar.

Bugawa ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Takardar A4 guda huɗu, a buga gaba da baya, a naɗe tsakiya a ɗinke, ta ba da littafi mai shafi 16. Dandalin African Storybook na ƙungiyar Saide a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, duk suna karɓar littattafai da Hausa, suna raba su mataki-mataki, kuma kowane malami zai iya saukewa ya buga kyauta. Abin da ya fi bugawa wuya shi ne ci gaba, domin littafi ɗaya ba ya ɗaga kowa daga mataki zuwa mataki. Paul Nation da Karen Wang, bayan sun ƙirga yadda kalmomi suke maimaituwa a jerin Bookworms a 1999, sun ba da shawarar ɗalibi ya riƙa karanta kamar littafi ɗaya a mako, kuma aƙalla biyar a kowane mataki kafin ya hau na gaba. Don haka malami ko marubucin da zai shiga wannan aiki ya tsara biyar tun farko, a mataki ɗaya, da jerin kalmomi ɗaya: shamuwa, raƙuman Kure, giwayen Yankari, tantin Mongoliya, tsibiran Titikaka.